Tabki uku da gadon dutse: littafin aikin gyaran matatar ruwan ƙazanta a Damagaram

11 Nuwamba 2024

Yau na buɗe wannan littafi. Tashar tamu ƙarama ce, tana can bayan gari inda gidaje suka ƙare, duwatsu suka fara. Ruwan ƙazanta na wani rukunin gidaje da na makarantar kwana ke zuwa mata ta tuyo, ga kuma kamiyon kwasar salanga da ke zuwa juyewa jefi-jefi. Tabki uku ne a jere. Na farko zurfinsa mita 3, nan laka ke kwanciya, ƙwayoyin da ba su son iska su yi ta cin ta. Na biyu mai faɗi ne, zurfinsa mita ɗaya da rabi, a cikinsa gansakuka ke fitar da oksijin da rana, bakteriya su yi amfani da shi su narkar da dattin da ya rage. Na uku ba shi da zurfi sosai, domin rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta.

Na biyun ne ya mutu, kuma shi aka kira ni in tayar. Tabkin da ya kamata ya yi kore shar, na same shi ja-ja kamar zoɓon da aka surka, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai da ke tarbar mutum tun daga bakin hanya. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan launi na wasu bakteriya ne masu rayuwa da sinadarin farar wuta, kuma ba su samun sarari sai inda oksijin ya ƙare.

Na kwana biyu ina duba takardun ginin tashar, kuma ina jin na gane bakin zaren. Wanda ya zana ta ya yi lissafi da mutumin da ke buɗe pampo ya bar shi yana zuba. Damagaram ba haka take ba. Gari ne da ke zaune bisa dutse, ruwan shansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. Matar da ta sayi jarka wajen ɗan garuwa, ruwan da ta wanke shinkafa da shi za ta ɗauraye kwano da shi, sannan ta ba akuya. Dattin da mutum ke fitarwa bai ragu ba, ruwan da ke ɗauke da shi ne ya ragu. Abin da ke iso mana kamar fura ce da aka dama da nono kaɗan, kauri gare shi. An gina wa tabkin ciki na ɗan tsurut ɗin koko, ana ɗura masa tuwo.

19 Nuwamba

Mun auna lakar tabki na farko da tsohuwar dabara: a naɗe farin tawul a jikin doguwar gora, a tsoma ta a tsaye har ƙasa, a zaro a hankali. Inda baƙi ya tsaya a jikin tawul, nan laka ta kai. Ƙa'ida ita ce a kwashe idan ta cinye kashi ɗaya cikin uku na zurfin. Tamu ta wuce rabi. A kusurwar gabas gorar ma ta ƙi shiga, rairayi ne zalla. Baba maigadi ya ce daminar bana ce ta kawo shi, a makon nan da ruwa ya rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba. Ya ce ya tsaya yana kallo ƙorama ta haye gaɓar tabkin da yashinta da ledojinta.

Ma'ana ruwan da ya kamata ya kwana uku ko huɗu a tabkin farko yana wucewa da wuri, ya kai wa na biyu kayan da ba nasa ba.

3 Disamba

Zama mai tsawo yau da masu kula da kuɗin aikin. Shawarar da suka zo da ita a rubuce ita ce a sayo injin kaɗa ruwa guda biyu a ɗora kan tabki na biyu, su riƙa cusa masa iska dare da rana. Ban raina dabarar ba. Hura wa ruwan ƙazanta iska don bakteriya su yawaita, tun 1914 aka gano shi a Manchesta ta Ingila, kuma manyan biranen duniya da shi suke aiki har gobe. Amma na tambaye su abu ɗaya: ranar da wuta ta ɗauke tun azahar ba ta dawo ba sai asuba, wa zai yi wa tabkin numfashi? Duk wanda ke garin nan a Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta katse wutar da take turowa, ya san ba tatsuniya nake ba. Ƙwayoyin da aka saba wa iskar inji, in ta tsaya na wasu awoyi ruwan ya fara ruɓa. In an ce grup, wato injin ba da wuta, to gazuwal fa, daga aljihun wa, wata bayan wata, bayan masu aikin sun naɗe tabarmarsu sun tafi?

Abin da na kawo shi ne gadon dutse. A gina ɗaki marar rufi, mita 6 kan 6, a cika shi da tsakuwar dutse tsawon mita 2, a bar ƙofofin iska a gindinsa. Ruwan da ya fito daga tabki na farko, pompi mai aiki da hasken rana ya ɗaga shi ya yayyafa a sama, ya tsiyaye ta tsakanin duwatsu. Cikin ƴan makonni wani yauƙi zai lulluɓe kowane dutse, kuma yauƙin nan shi ne ma'aikacin: bakteriya ne jingim, suna cin dattin da ke wucewa, iska kuma na ratsawa da kanta saboda bambancin zafi tsakanin ciki da waje. Idan ruwan ya iso tabki na biyu, nauyinsa ya ragu yadda gansakuka za ta iya da shi. Dutse da rana, su ne abu biyu da Allah bai rage mana ba a ƙasar nan.

Wani daga cikinsu ya ce abin ya yi kama da aikin da, ba na zamani ba. Na ce haka ne, ranka ya daɗe, ya ma girmi injin da kuke so. Amma Baba maigadi zai iya kula da shi, kuma in pompi ya lalace akwai mai gyaransa a Sabon Gari. Sun amince bayan la'asar, da sharaɗin in kawo sakamakon labo kafin damina.

16 Disamba

Kwana tara muna kwasar laka. Mun karkatar da ruwa, muka zuƙe na sama, sauran kuma shebur da baro ne, ana zubawa a fili mai shimfiɗar yashi don ta bushe. Hunturu na taimaka mana.

Shekaranjiya na tsorata ƙwarai. Wani yaro cikin leburori ya ga tuyon pompi ya toshe a ramin tara ruwa, ya sauka ba igiya ba sallama. Bai yi minti biyu ba ya jingina da bango yana cewa kansa na juyawa. Allah Ya sa abokinsa na tsaye a baki, muka jawo shi. Iskar da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a gindin rami take taruwa, kuma mugun halinta shi ne idan ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin ya zaci ta tafi. Na tara su duka na ce daga yau ba mai shiga rami sai an buɗe shi ya sha iska, sai da igiya a ƙugu, sai da mutum biyu a sama. Na ga wasu na murmushin ƙarfin hali. Na ce wanda ya karya wannan, ranar zai karɓi kuɗinsa ya tafi gida. Yaron ya warware, yau ma ya zo aiki. Ni dai daren nan ban yi barci ba, ina ta tuna mahaifiyarsa da ban taɓa gani ba.

8 Janairu 2025

Ginin gado ya kai. An kawo tsakuwa kamiyo biyu, na mayar da ɗaya. Na ce dutse mai girman dunƙulen hannu, santimita 5 zuwa 10, aka kawo mini haɗe da gari da ƙanana. Ƙananan su ne za su cike ƙofofin da iska za ta bi. Mun ɗaura raga a katako, kowane baro sai an tankaɗe an wanke kafin ya shiga. Zai ci mana mako guda.

27 Janairu

Tun zuwana na lura da wani tuyon roba da aka binne a gaɓar tabki na biyu, ya nufi garake da ke gangare. Yau na bi shi har ƙarshe. Salati ne da shu da tumatir, kore shar, a tsakiyar rani. Dattijon da ke shugabantar masu garkar ya taso ya tarbe ni, ya shimfiɗa mini buhu a gindin dogonyaro.

Na ce, "Baba, ruwan nan bai gama tacewa ba. Salatin nan ɗanye ake cin sa."

Ya ce, "Ɗana, na sani. Ka nuna mini wani ruwan in bar wannan. Rijiyar da muka gina, gaba shida muka tarar da dutse."

Ban da amsa nan take. Mutumin nan ba jahilci ke damunsa ba, ƙishirwa ce. Kuma gaskiya ruwan na ɗauke da taki, shi ya sa ganyensa ya fi na kowa kyau. Na zauna na yi masa bayanin abin da nake tsoro. Ƙwan tsutsar ciki ba ya mutuwa da wuri, yana iya yin watanni a ƙasa da ransa, amma yana da nauyi, in ruwa ya zauna kwana 8 zuwa 10 a tabkuna sai ya nutse ya bar ruwan. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 ta ce ruwan ban-ruwa kada ya wuce ƙwai ɗaya a lita, sannan in don abin da ake ci ɗanye ne, ƙwayoyin cutar bayan gida kada su wuce 1000 a mililita 100. Wanda ya ɗebi ruwa daga tabki na biyu ya yanke wa ruwan hanya tun bai kai rabi ba, kuma ƴaƴansa da ke tsoma ƙafa a kwami su ne na farkon kamuwa, kafin mai sayen salati a kasuwar Dole.

Mun yi yarjejeniya ta baki. Su cire tuyon daga na biyu su mayar bakin na uku. Ni kuma in gina masu kwamin ɗiban ruwa a mafita, in kuma gaya masu gaskiyar abin da labo ta ce, mai daɗi ko marar daɗi. Ya ce, "In ka cika, mun cika." Wannan zama ya canza mini yadda nake kallon aikin. Da ina lissafin yadda zan kawar da wari ne. Yanzu na san akwai gida goma sha wani abu da ke jiran abin da zai fito daga bakin tuyon nan.

14 Fabrairu

Na zuba bawon gyaɗa tiya guda a mashigar tabki na biyu don in ga tafiyar ruwan sama. Kafin azahar ya isa mafita. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma mashiga da mafita a kan layinta suke, sai ta riƙa tura sabon ruwa kai tsaye, sauran tabkin na zaune ba aiki. Mun kafa katanga biyu na bulo a ciki, ruwan ya riƙa yin kwana kamar maciji, mafitar kuma mun saukar da bakinta ƙasa da fuskar ruwa. Mun nome ciyawar gaɓa tas, don a nan sauro ke ƙyanƙyasa.

10 Maris

Azumi ya kama, muna fara aiki bayan asuba mu tashi kafin rana ta take. Kwana goma ke nan da kunna pompi. Makon farko duwatsun na nan fes kamar ba a zuba masu komai ba, ruwan da ke fita bai bambanta da mai shiga ba, har mai kula da kuɗi ya kira ni a waya yana tambaya ko an yi kuskure. Na ce a ƙara haƙuri, abu mai rai ne. Na rage yawan ruwan zuwa kashi ɗaya cikin uku, ina mayar da wani sashe na wanda ya fita ya sake zagayowa, don ya surka mai kaurin.

Yau da safe Baba maigadi ya zaro dutse ɗaya ya miƙo mini. Santsi gare shi, launin toka-toka, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Ya ce, "Injiniya, dabbobinka sun fara kiwo." Kalmar ta zauna mini daidai. Kiwo ne: a ba su abinci gwargwadon cikinsu, kada su yi ƙishi, kada a ba su guba. Tun daga nan da wannan harshe nake yi wa ma'aikata bayani, kuma sun fi ganewa.

Ƙananan ƙudaje masu gashi sun bayyana a bangon gado. An san su da irin wannan wuri. Maganinsu a riƙa jiƙa ko'ina, kada a bar gefen da ya bushe.

2 Afrilu

Tabki na biyu ya juya kore! Daga gefen mafita ya fara, ya yi ta cin jan har ya kore shi. Na auna oksijin sau biyu. Da asuba kusan babu. Da la'asar ya haura abin da ruwa ke iya riƙewa a al'ada, har ƙananan kumfa na tashi. Haka lafiyayyen tabki yake, da rana gansakuka ta tara, da dare kowa ya ci daga abin da aka tara. Baba ya ce jiya ya sha ruwan buɗa-baki na sittu shawwal a bakin tabkin, abin da bai taɓa yi ba saboda wari.

28 Afrilu

An koma baya. Ranar Alhamis da dare wani kamiyo ya juye kaya ba da sanina ba, da safe muka tarar da baƙin mai na inji yana yawo a tabki na farko, ga wani kauri da ban taɓa gani ba. Ina zaton ramin garejin gyaran mota aka kwaso aka haɗa da na salanga. Kafin mu tsayar da pompi wani sashe ya hau gado. Yauƙin saman ya yi baƙi yana saɓulewa, bayan kwana uku koren tabki ya dusashe.

Abu biyu suka haɗu. Mai ya rufe fuskar ruwa ya hana iska da haske. Sannan kayan salanga cike suke da amoniya, sinadarin da ke sa tsohon fitsari wari, ita kuwa in ruwa ya yi zafi kuma gansakuka ta rage masa tsami da rana, sai ta koma siffar da ke kashe gansakukar kanta. Bazara ma ba ta taimaka ba: ruwa mai digiri 20 na riƙe oksijin wajen miligiram 9 a lita, mai digiri 35 kuwa wajen 7 kawai, alhali a zafin ne bakteriya suka fi ci. Ga shi kowane giram na nitirojin da ke cikin amoniya sai ya cinye oksijin fiye da giram huɗu da rabi kafin bakteriya su sauya masa siffa.

Raina ya ɓaci, amma da na zauna da direbobin na ga ba su da wani wurin juyewa sai daji ko nan. Laifin tsarinmu ne da ya bar su suna zubawa kai tsaye cikin tabki. Mun kwashe man da buhunan gero da aka cusa wa ƙaiƙayi. Mun sa sarƙa da kwaɗo a ƙofa. Daga yanzu kamiyo a filin busar da laka zai juye, ruwan da ya tsiyaye ta yashi ne kaɗai zai shiga tabki, shi ma kaɗan-kaɗan. Kuma kafin a buɗe bawul, Baba zai tari bokiti ɗaya ya duba ya sansana.

20 Mayu

Gadon ya farfaɗo cikin mako biyu, ya fi saurin farkonsa. Sai wata matsala da ban hango ba: pompi na tsayawa da faɗuwar rana, kuma a zafin Mayu saman duwatsun na bushewa ƙayau kafin gari ya waye. Batir na da tsada kuma zafi na cinye shi. Mun ɗora tanki a kan ginshiƙi, pompi ya cika shi da rana, da dare ya riƙa sakin ruwa a hankali don duwatsu su kwana a jiƙe.

Na kai samfur labo cikin kula mai ƙanƙara. Gwajin DBO5 kwana biyar yake ɗauka a digiri 20, ana auna yawan oksijin da ƙwayoyi suka cinye, wato nauyin dattin da ya rage. Malamar da ke gwajin ta ce in kawo samfur uku a makonni daban-daban, kada in dogara da ɗaya. Ta yi gaskiya.

16 Yuni

Sakamako uku sun fito. Gadon dutse na rage fiye da rabin nauyin da ke shigarsa, har a makon Sallar Layya da wankin kayan ciki ya ƙaru. A mafitar tabki na uku ba a ga ƙwan tsutsa ba ko sau ɗaya. Ƙwayoyin cutar bayan gida kuwa, sau biyu cikin uku sun haura 1000.

Na gangara garka da takardar a hannu. Na ce, "Baba, ga alkawari. Ruwan ya isa masara da ciyawar dabbobi da itatuwa. Bai isa salati ba tukuna." Ya yi shiru, don salati ne mai kuɗin. Sannan ya ce damina ta ƙarato, dama yanzu lokacin gero ne, zuwa sanyi a ga abin da zan iya. Na gaya masa abin da ake bukata: tabki na huɗu, ƙarami marar zurfi, don ruwan ya ƙara kwanaki a rana. Na kuma gaya masa illarsa, cewa kowane ƙarin fili ƙarin ruwa ne da rana za ta shanye, wanda ya rage kuma gishirinsa zai ƙaru. Ya ce su za su yi haƙar da kansu in an ba su siminti da roba. Na rubuta buƙatar yau.

9 Yuli

Ruwa mai ƙarfi ya sauka daren jiya. Da asuba na tafi da fitila. Gaɓar da muka ɗaga a gabas ta riƙe, ƙorama ta bi lambatun da muka yanka mata ta wuce da yashinta. Ragar mashiga ta cika da leda, mun kwashe baro huɗu. Tabki na biyu ya ɗan yi fari-fari saboda surki da hadari, oksijin na la'asar ya sauka amma bai ƙare ba.

Masu garka sun kafa turaku sun ja igiya a inda tabki na huɗu zai zauna, a gaba biyu suka tarar da dutse a kusurwar kudu, saboda haka za mu matsa da shi yamma da mita biyar. Gobe zan sake tsoma gorar tawul a tabki na farko in ga abin da wata shida suka tara.